Inji, jigo da indararo: yadda bakteriya ke fitar da tutiya daga cikinta

Duk uwar da ta taɓa kai yaro asibiti da gudawa ta san farar ƙwayar nan da ake haɗa mata da ƙullin gishiri da sukari. Ana sa ta a cokali, a ɗiga mata ruwa ko nonon uwa, nan da nan ta narke, a ɗura wa yaro. Ma'aikatan lafiya na kiranta zink. Tun shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa bai wa yaro mai gudawa miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba kuma miligiram 10. Sinadarin da ke cikin ƙwayar shi ne wanda muka sani da tutiya, wanda ake lulluɓe kwanon rufi da bokitin ƙarfe da shi don kada su yi tsatsa.

Ba yaron kaɗai ke karɓar tutiyar nan ba. Hanjinsa cike yake da bakteriya, masu amfani da masu cutarwa, kuma kowace na buƙatar tutiya kamar yadda shi ma yake buƙata. Kusan kashi 5 cikin 100 na nau'o'in furotin da ke jikin bakteriya, wato sinadaran da ke gudanar da ayyukan cikinta, sai da tutiya suke tsayuwa ko su yi aiki. A jikin ɗan'adam abin ya kai wajen kashi 10. Amma da zarar ta ɗan yi yawa a cikin ƙwayar bakteriya, sai ta zama guba. Abin da ya daɗe yana riƙe mini hankali shi ne yadda halittar da tsawonta bai wuce kashi biyu cikin dubu na milimita ba take iya auna wannan abu, ta ɗebi daidai buƙatarta, ta watsar da saura.

Akwai bambanci babba tsakanin tutiya da sauran abubuwan da ke yi wa bakteriya barazana. In aka aika mata da maganin fenisilin, tana iya ƙera abin da zai tsinke shi gida biyu, ya tashi daga aiki. Tutiya kuwa ƙarfe ce, asalin sinadari, ba a tsinke ta, ba a ƙone ta, ba a narkar da ita ta koma wani abu. Hanya biyu ce kawai ta rage: ko a ɗaure ta a ajiye, ko a fitar da ita. Ma'ajiya kuma tana cika.

Illarta ta samo asali ne daga ƙarfin riƙonta. A shekarar 1948 wasu masana biyu a Oksfod ta Ingila, Harry Irving da Robert Williams, suka jera ƙarafa bisa yadda kowanne ke manne wa abin da ya kama. Manganis ya fi rauni, sai baƙin ƙarfe, sai kobalt, sai nikel, sannan jan ƙarfe a can ƙololuwa, tutiya na biye da shi. Ma'anar wannan a cikin ƙwayar halitta ita ce, in tutiya ta samu sarari tana yawo, za ta shiga gurbin da aka tanadar wa manganis ko baƙin ƙarfe ta zauna daram, mai wurin ya rasa wurinsa, furotin ɗin kuma ya tsaya cak domin tutiya ba ta iya aikin wanda ta kora. Tana lalata ƙullin baƙin ƙarfe da farar wuta da wasu furotin ke dogaro da shi, tana kuma toshe hanyar numfashin ƙwayar.

Saboda haka bakteriya ba ta barin tutiya ta yi yawo. A shekarar 2001 Caryn Outten da Thomas O'Halloran na Jami'ar Northwestern a Amurka suka auna abin a jikin E. coli, bakteriyar hanjin nan da aka fi kowace nazari. Suka tarar kowace ƙwaya na ɗauke da atam na tutiya, wato ɗigonta mafi ƙanƙanta, wajen 200,000, amma furotin biyun da ke sa ido a kanta suna motsawa ne tun tutiyar da ke sake ba ta kai ko atam ɗaya a ƙwaya ba. Awon da aka yi daga baya ya ɗaga adadin sama da yadda suka fara faɗa, sai dai hoton bai sauya ba: dubban ɗaruruwa a ɗaure, kusan babu ko ɗaya a sake.

To ta ina rarar ke shigowa? Tantanin da ya kewaye bakteriyar da maiƙo aka yi shi, kaurinsa bai wuce kashi biyar cikin miliyan na milimita ba, kuma abu mai cajin lantarki irin tutiya ba ya ratsa maiƙo. Sai ta ƙofa. E. coli na da ƙofa ta musamman mai suna ZnuABC wadda take buɗewa lokacin ƙarancin tutiya, furotin mai suna Zur kuma ya rufe ta in an ƙoshi. Amma akwai wasu ƙofofin da aka yi don wasu ƙarafan, waɗanda ba su cika tantancewa ba, kuma ba a iya rufe su duka domin ƙwayar na buƙatar abin da ke bi ta cikinsu. Ga shi kuma cikin ƙwayar cajinsa na ragi ne da sama da milibolt 100 in aka kwatanta da waje, ita kuwa tutiya caji biyu na ƙari gare ta, don haka kullum ana janyo ta ciki. Fitar da ita daidai yake da ɗaga ruwa daga rafi zuwa tudu. Dole a kashe ƙarfi, kuma bakteriya ta samo hanya uku ta yin hakan.

Ta farko injin ban-ruwa ce mai shan mai. Sunanta ZntA, an bayyana aikinta a E. coli a shekarar 1997, kuma man da take sha shi ne ATP, ɗan sinadarin da kowace ƙwayar halitta ke ajiye ƙarfinta a ciki. Tutiya na shigowa ta ɓangaren ciki, ta sauka a wani gurbi a tsakiyar tantani inda amino asid uku, wato tubalan da ake jerawa a gina furotin, suke cafke ta: biyu masu farar wuta da ake kira sistin, da wani guda mai suna aspatet. Sai injin ya fasa ATP guda, ya liƙa guntunsa na fosfet a jikinsa, wannan liƙin ya karkata gangar jikin furotin ɗin baki ɗaya: ƙofar ciki ta rufe, ta waje ta buɗe, riƙon ya saki, tutiya ta fita. Daga nan fosfet ɗin ya faɗi, inji ya koma yadda yake. ZntA 'yar gida ɗaya ce da famfon sodiyom da fotasiyom da ke aiki a jijiyoyinmu, wanda Jens Christian Skou ya gano a Aarhus ta Denmak a 1957. A wannan garin dai, a 2014, aka fitar da siffar ZntA ta bakteriyar Shigella sonnei, ɗaya daga cikin masu haddasa atuni. A nan aka ga wani abu mai kyau: da tutiya ta fita, sai wani amino asid mai cajin ƙari, laisin, ya miƙo ya tare aspatet ɗin da ya saki, ya cike gurbin don kada tutiyar ta juyo. Injin nan yana fitar da kadmiyom da dalma ma, waɗanda ba su da amfanin komai ga ƙwayar.

Inji mai shan mai ba a barinsa a kunne. In ZntA ta yi ta aiki ba tsayawa, za ta ƙone ATP, kuma ta kwashe har tutiyar da ake buƙata. Mai kula da makunnin shi ne ZntR, furotin da ke zaune a kan DNA, zaren da ke ɗauke da umarnin ƙera kowane furotin, daidai bakin umarnin ƙera ZntA. Alamomi biyun da na'urar karanta DNA ke kamawa kafin ta fara karatu, a yawancin wurare tazarar harafi 17 ce tsakaninsu, a nan kuwa 20 ce, don haka ba sa fuskantar gefe ɗaya, na'urar ba ta iya kama su tare. Da tutiya ta hau ZntR, sai ya murɗa zaren DNA ɗin kamar mai matse wanki, alamomin su daidaita, karatu ya fara. Tutiyar da ta yi yawa ita ce da kanta ke kunna injin da zai kore ta.

Hanya ta biyu ta fi burge ni, kuma ita ce jigo. Wanda ya taɓa tsayawa a lambun fadama ya ga yadda ake yi: doguwar sanda a kan gwafa, guga a wannan baki, curin laka mai nauyi a wancan. Nauyin da ke sauka shi ke ɗaga ruwan da ke hawa. Bakteriya kullum tana turo haidirojin mai caji waje yayin numfashinta, har ya taru a bayan tantani yana neman hanyar komowa. Wannan matsin shi ne curin lakar. Furotin na gidan da ake kira CDF suna buɗe wa haidirojin hanya ya faɗo ciki, da sharaɗin faɗowarsa ta ɗaga tutiya ta fita. E. coli na da biyu, ZitB da YiiP. ZitB ce ke share 'yar rarar yau da kullum. In ambaliya ta zo, sai a ta da ZntA. Shi ya sa in aka cire ZitB kaɗai ba a ganin wani babban sauyi, amma in aka cire ZntA ƙwayar na jigata, in aka cire duka biyun kuma abin ya fi muni.

A 2007 Min Lu da Dax Fu, a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar Niyok, suka fitar da siffar YiiP, karo na farko da aka ga ɗan wannan gida ido da ido. Tagwaye ne manne da juna, kamar gwafa mai reshe biyu, kowane reshe ya ratsa tantani sau shida. A tsakiyar kowanne akwai gurbin ɗaukar kaya, wanda amino asid huɗu suka kewaye: aspatet a matsayi na 45 da 49 da 157 a jerin amino asid ɗin furotin, da histidin a na 153. Tsayuwarsu kamar duwatsun murhu uku ne da na huɗu a bisa, tutiya a tsakiya. A nan sirrin tantancewa yake. Magniziyom ya fi tutiya yawa nesa ba kusa ba a cikin ƙwayar, cajinsu ɗaya, girmansu kusan ɗaya, amma shi ya fi son hannu shida su riƙe shi, kuma ba ya sakin ruwan da ke lulluɓe da shi cikin sauƙi. Tutiya kuwa hannu huɗu ya ishe ta. Gurbin bai dubi girma kaɗai ba, ya dubi irin zaman da ƙarfen ke so.

Sannan akwai matsalar da kowane famfo ke fuskanta. In riƙon ya yi sako-sako, ba zai kamo tutiya daga inda kusan babu ita a sake ba. In ya yi tsanani, ba zai sake ta a waje ba. Maganin shi ne haidirojin ɗin nan. Lokacin da gurbin ke fuskantar ciki, inda haidirojin ya yi ƙaranci, hannayen huɗu a sake suke, suna damƙe tutiya. Da ya juya waje, inda haidirojin ya fi yawa, sai haidirojin ya hau histidin da aspatet, riƙon ya mutu, tutiya ta zame. Gurbin ya juyo ciki ɗauke da haidirojin, ya zubar, ya koma jiran wata.

Juyawar kuma tana da ƙa'ida irin ta zaure mai ƙofa biyu, ta waje da ta cikin gida, wanda ba a taɓa buɗe su lokaci guda. In duka suka buɗe, famfo ya zama rami, tutiya ta kwararo ciki, haidirojin ya tsiyaye a banza. Wani aiki da aka buga a 2014 ya nuna amino asid guda, liyusin na 152, shi ke zama ƙyauren ciki: da tutiya ta zauna a gurbinta sai ya juyo ya tare hanya, ko ruwa ba ya wucewa. An ɗauka da farko cewa rassan gwafar biyu buɗewa da rufewa suke kamar almakashi. Daga baya ɗakin binciken David Stokes a Jami'ar Niyok ya ɗaure rassan biyu da juna ta yadda ba za su iya warewa ba, a YiiP ta bakteriyar Shewanella oneidensis, sai ga shi tana ci gaba da aiki. Ashe motsin a cikin kowane reshe yake, huɗu daga cikin sanduna shida da suka ratsa tantani na karkata a jikin biyun da ke tsaye. Awon farko a kan ZitB ya ba da haidirojin ɗaya ga tutiya ɗaya, na baya-bayan nan a kan YiiP ya ba da biyu zuwa uku. Ba ƙaramin bambanci ba ne, domin yawan curin laka shi ke nuna zurfin rijiyar da jigo zai iya ɗebowa.

Hanya ta uku labarinta ya faro ne daga ƙasar Beljiyam. A tsakiyar shekarun 1970 aka ɗebo laka daga tankin tace dagwalon wata masana'antar tutiya kusa da birnin Liyej, aka samu bakteriya na rayuwa a ciki. Yau ana kiranta Cupriavidus metallidurans CH34, kuma Max Mergeay a Beljiyam da Dietrich Nies a Jamus sun shafe shekaru masu yawa a kanta. Tana jure tutiya wajen ninki goma na abin da E. coli ke iya ɗauka. Irin waɗannan bakteriya katanga biyu gare su, tantanin ciki da na waje, da ɗan fili a tsakani. Inji da jigo a wannan filin suke zubar da kayansu, wato an fitar da ruwa daga ɗaki amma yana nan a tsakar gida, yana iya komowa. Abin da CH34 ke da shi shi ne CzcCBA, furotin uku da suka haɗu suka zama bututu guda: CzcA a tantanin ciki yana jan ƙarfi daga haidirojin, CzcC ya huda tantanin waje, CzcB ya haɗa su. Aikinsa aikin indararo ne, ya kwashe abin da ya taru ya cilla shi bayan katanga. Harufan sunan na nufin kobalt da zink da kadmiyom. Umarnin ƙera shi kuma yana kan wani zoben DNA na daban mai suna pMOL30, irin zoben da bakteriya ke iya miƙa wa maƙwabciyarta.

Wani zai ce wannan duk zancen ɗakin gwaji ne. Ni ban ga haka ba, domin jikinmu ya daɗe da sanin raunin bakteriya a kan tutiya, kuma yana kai mata hari ta fuska biyu. Wani lokaci yunwa yake sa mata: fararen ƙwayoyin jini na zubo wani furotin mai suna kalfurotektin a wurin ƙurji, ya tsotse tutiya da manganis. Wani lokaci kuma ɗura yake yi mata. A 2011 ayarin Olivier Neyrolles a Tulus ta Faransa ya nuna cewa in ƙwayar garkuwar jiki ta haɗiye bakteriyar tarin fuka, tana tura tutiya cikin 'yar jakar da ta kulle ta. Ita kuma bakteriyar sai ta ta da injinta mai suna CtpC, ɗan'uwan ZntA. Da aka cire mata shi, tutiya ta taru a cikinta, ta kasa yaɗuwa yadda ta saba. A shekarar dai, masu bincike a Adiled ta Ostareliya suka nuna yadda tutiya ke kama bakteriyar ciwon huhu ta wata hanyar: tana shiga bakin PsaA, furotin da ke ɗauko mata manganis, ta maƙale ta ƙi fita, bakteriyar ta rasa manganis ɗin da take kare kanta da shi. Ɓerayen da aka ciyar da abinci mai ƙarancin tutiya sun fi kasa jure wannan cuta. Yaron da abincinsa bai wuce tuwo da koko ba, ba nama ba kifi ba ƙwai, yana cikin wannan hatsarin, domin hatsi na ɗauke da wani sinadari da ke hana hanji tsotsar tutiya sosai.

Akwai kuma gefen da ke tayar mini da hankali. Pseudomonas aeruginosa, bakteriyar da ke addabar masu ƙuna da masu doguwar jinya, tana da CzcCBA ita ma. Makunnin da ke ta da indararon nata, shi ne kuma ke rufe wata ƙofa a tantanin waje mai suna OprD, kuma ta wannan ƙofar ce imifenem ke shiga, ɗaya daga cikin magungunan da likita ke ajiyewa sai sauran sun gaza. A 2003 masu bincike a Sifen suka gano tutiyar da ke tsattsafowa daga wata irin robar fitsari ta isa ta sa bakteriyar ta rufe ƙofar, a 2004 kuma wasu a Janeba suka bayyana makunnin da ke haɗa abubuwan biyu. Bakteriyar ba ta taɓa haɗuwa da maganin ba, ƙarfe kawai ta ji, amma ta fito da kariya daga gare shi.

A gonakin aladu na Turai an ga irin haka da faɗi. Shekara da shekaru ana zuba tutiya mai yawan gaske a abincin 'ya'yan aladun da aka yaye don hana su zawo. Sai aka tarar wani nau'in Staphylococcus aureus da ke yawo a garken yana ɗauke da umarnin ƙera injin fitar da tutiya mai suna czrC, a kan guntun DNA ɗaya da umarnin da ke ba shi kariya daga maganin metisilin da danginsa. Duk lokacin da tutiya ta kashe marasa inji, masu jure magani ne ke saura. Wannan, tare da taruwar tutiya a ƙasar noma ta hanyar taki, ya sa Tarayyar Turai ta hana wannan amfani daga watan Yunin 2022. Kada wata uwa ta karanta wannan ta ji tsoron ƙwayar da ke cikin cokalinta. Miligiram 20 na kwana goma ga yaron da gudawa ta zubar masa da tutiyar jikinsa mayar da abin da ya rasa ne, yana rage tsawon ciwon, yana kuma taimaka wa bangon hanji ya farfaɗo. Abin da aka yi a garken aladu ninki ne a kan ninki na buƙatar dabba, ga dabbobi miliyoyi, shekara bayan shekara.

Tunanin da ke zuwa wa kowa a nan shi ne a ƙera maganin da zai toshe waɗannan famfuna, a bar garkuwar jiki ta gama da bakteriya da tutiyarta. Wahalar ita ce mu ma muna da su. Jikin ɗan'adam na da furotin goma na gidan su YiiP, ana kiransu ZnT1 zuwa ZnT10. ZnT8 ce ke cusa tutiya cikin jakunkunan da pankiriyas, gaɓar da ke sarrafa suga, take ajiye insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, inda insulin shida ke taruwa a kan tutiya biyu. A 2007 aka danganta wani ɗan sauyi a umarnin ƙera ta da ciwon suga, a 2014 kuma aka gano mutanen da kwafi ɗaya na umarnin ya lalace a jikinsu haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da wajen kashi 65 cikin 100. Kafin a samu siffar ZnT8 kanta, da siffar YiiP ta bakteriyar hanji masana ke kwatanta ta.

Kamannin ya kai har cikin gurbin ɗaukar kaya. YiiP na da aspatet uku da histidin ɗaya, tana ɗaukar tutiya da kadmiyom duka. Yawancin namu na da aspatet biyu da histidin biyu, suna ɗaukar tutiya su ƙyale kadmiyom. A 2012 aka ɗauki YiiP aka sauya mata aspatet na 45 da histidin, ba a taɓa sauran amino asid ɗinta wajen 300 ba. Ta ci gaba da fitar da tutiya yadda ta saba, ta daina ɗaukar kadmiyom.